Wace Ummin Kuka Ba Mai Adaidaita?

Zuwa ga Hajiya, shugabar makarantar da 'yata take karatu a nan Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da malaman da ke aiki tare da ke. Yaya fama da yara? Allah ya ba da lada, domin duk uwar da ta taɓa wuni da yaro ɗaya mai ƙiriniya ta san abin da mai wuni da aji guda yake gani.

Ban ambaci sunan makarantar ba, kuma ba zan ambata ba, don ba ɓata ki na zo yi ba. Kin san kanki, kin kuma san ni. Ni ce Maman Ummi ta ajin 'yan ƙanana. Na san za ki ce wace Maman Ummin, tunda muna da yawa. To Hajiya, wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami, ita ce kuma aka kasa yi a bakin ƙofarki ranar da ya kamata a yi ta.

Ga abin da ya faru, saboda iyayen da za su karanta ba su sani ba. Wata Juma'a a zangon nan na zo ɗaukar 'yata mai shekara biyar. Mahaifinta dillalin shanu ne a kara, ranar Juma'a kuwa, da kasuwar garin nan take ci, ko ƙarar wayarsa ba ya ji, don haka ni nake zuwa a ƙafa da goyo a baya. Na tarar yara sun watse, antinsu tana gyara mayafi za ta tafi. Tana ganina ta ce, "La, Maman Ummi, ai an zo an ɗauke ta. Babanta ya aiko mai adaidaita." Mu kuwa ba mu da mai adaidaita, daga gidanmu zuwa makaranta ko mai ciwon ƙafa ya taka.

A gindin darbejiyar da ke harabar na hango wata yarinya ta rungume jakarta tana kallon ƙofa. Ita ma Ummi ce, ajinsu ɗaya da tawa, daga Kausani ake kawo ta kullum. Daga baya na ji yadda aka yi. Mai adaidaitan da ya saba ɗaukar ta ya samu lodi a kasuwa, sai ya turo abokinsa, ya ce masa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Ummi ta ajin 'yan ƙanana. Mutumin ya tsaya ya kira. Tawa ta fi kusa, ta ji sunanta, ta miƙe. Anti da kanta ta ɗaga ta ta ɗora a kujera, ta miƙa mata kwandon abincinta.

A lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani kawai, wani namiji da ba wanda ya san sunansa ya tafi da 'yata a ranar da garin nan yake cike da baƙi daga ko'ina. Ofishinki a kulle, kin riga kin tafi, lambobin iyaye kuma suna ciki. Maigadi ya wuce masallaci. Na zauna a gindin bishiyar nan, ga ƙarar manyan motoci a kan titi, ga gada, ga kogi a ƙarƙashinta, zuciyata ba abin da ba ta saƙa mini ba. Ɗaya Ummin ta fara kukan yunwa, na saya mata awara a bakin hanya na ɗora ta a cinya. Haka na zauna ina rarrashin 'yar wasu ina kukan tawa. Anti ba ta tafi ba, zan faɗi gaskiyarta, ita ma kukan take yi.

Can Kausani kuwa, mai adaidaita ya sauke yarinya a ƙofar gida ya juya kasuwa. Kakar gidan ta ga baƙuwar fuska cikin irin kayan makarantar jikarta. Ta tambaye ta sunanta, ta ce Ummi. Sunan babanki fa? Ta ce Abba. Mamanki? Ta ce Umma. A ina gidanku yake? Ta ce kusa da gidan su Khalifa. Tsohuwar ta ce ba ta san lokacin da dariya da salati suka kubce mata tare ba. Ta dama mata fura, ta zaunar da ita, har mai gidan ya dawo daga masallaci ya ɗauko ta a babur ya kawo mini ita makaranta, ya karɓi tasa. Allah ya saka wa mutanen gidan nan da alheri. Amma Hajiya, sa'a muka yi gidan mutanen kirki ne, kuma direban mutumin kirki ne. Ba dabarar kowa ba ce.

Yanzu ga abin da ke damuna.

Na farko, amsar da kika ba ni ranar Litinin da na zo ofishinki. Kin tarbe ni da mutunci, kin ba ni kujera. Sai kika ce, "Sai haƙuri, ƙaddara ce, tunda ta dawo lafiya a gode wa Allah." Har kika ƙara da raha, wai Ummi ta tafi Ummi ta dawo, ba a yi asara ba. Na yi murmushi don kunyarki, amma raina ya sosu ƙwarai. Ni Musulma ce, na yarda da ƙaddara, kuma na gode wa Allah har goshina ya gaji. Sai dai ba ƙaddara ce ta hana a tambayi mutum sunan uban yarinyar da ya zo ɗauka ba. Amana muka kawo muku da safe, mai riƙon amana kuwa yakan duba hannun da zai miƙa wa.

Na biyu shi ne wanda na fi daɗewa ina juyawa a raina, kuma a nan ba ke kaɗai nake wa magana ba. 'Yata sunan mahaifiyar mijina ta ci. Ni ba na faɗin sunan, mahaifinta ma ba ya faɗi, ko a wasiƙar nan ba zan rubuta shi ba. Haka muka taso muka tarar, kuma ina son al'adar nan, alkunya ce da girmama iyaye. Shi ya sa kowane gida yake da Ummi da Abba da Walida da Khalifa. A gida ba a rikicewa, Ummi ɗaya ce. Amma makaranta ta tara gidaje da yawa a wuri ɗaya, sannan ta ci gaba da kiran yara kamar a tsakar gida take. Ga shi mun koya wa 'ya'yanmu cewa in babba ya kira ka amsa, ba a musu da manya, kowane namiji Baba ne ko Kawu. 'Yata ba rashin wayo ta yi ba. Tarbiyyar da muka ba ta ta bi, ta shiga motar wanda ba ta sani ba cikin ladabi.

Da surukata ta ji labari, cewa ta yi, "Ashe ɓoye sunana ne ya kusa ɓatar mini da takwara? To ku kawo ta nan, ni ba na jin kunyar sunana." Yanzu kullum da yamma tana zaunar da ita tana koya mata sunanta na yanka da na ubanta da na unguwarmu. Yarinyar takan rufe fuska in an zo sunan Abbanta, wai ba kyau. Muna dai fama. Namu ɓangaren ke nan, mun kama.

Na uku, naku ɓangaren ban ga an kama ba. Kin yi mini alkawarin za a gyara. Makon da ya wuce ina tsaye a bakin ƙofa wani mutum ya faka babur ya ƙwala kira, "Khalifa!" Yara uku suka taho da gudu. Ya zaɓi ɗaya ya ɗora ya tafi, ba wanda ya ce masa kanzil. Wataƙila ubansa ne. Ni ban sani ba, kuma ban ga alamar malamar da ke wurin ta sani ba. Za ki iya cewa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka ne. Amma ni macijin na gani da idona.

Saboda haka nake roƙon ki, cikin girmamawa. Duk wanda ya zo ɗaukar yaro, in ba fuskar da aka sani ba ce, a sa shi ya faɗi cikakken sunan yaron da na mahaifinsa, a kuma kira iyaye a waya kafin a sake shi. Lambobinmu su kasance a hannun malamar aji, kada a kulle su a ofis. Ranar Juma'a, da kowa yake sauri, a samu malama ɗaya da za ta tsaya har yaro na ƙarshe ya tafi. In wani uba ya ji haushin an tsayar da ɗan aikensa, ki turo shi wurina in ba shi labari. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba na son cire 'yata daga makarantarki. Tana son antinta, ta fara haɗa baƙi, mu ma muna jin daɗin karatun. Amma zan gaya miki abin da na yanke, don kada ki ce na yi miki ba-zata. Ina da ƙane a Acika, ba wanda ya taɓa ganinsa a makarantar. Wata rana cikin zangon nan zan turo shi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Ummi. In aka tsayar da shi aka titsiye shi da tambaya har ransa ya ɓaci, zan zo da kaina in yi miki godiya a gaban iyaye. In kuwa ya shigo gida riƙe da hannunta, to daga ranar ba za ta koma ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya ba ki ikon sauke nauyin da ke wuyanki, ya tsare mana 'ya'yanmu, namu da naki, a tafiyarsu da dawowarsu.

Wassalam.

Taki,
Maman Ummi, ta ajin 'yan ƙanana,
Wudil.