Kwallar Ludayan Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na rubuto ne in ba ki labarin Baba, tunda ke kika san kan kayanki.

Wata bakwai ke nan da rasuwarki, kuma in ban da masallacin ƙofar gida, Baba bai taka ko'ina ba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Likita ya ce maganin farko tafiya ce, in ya ci gaba da zaman nan, kafin damina sai an riƙa ɗaga shi. Kin dai san halinsa. Ya saurara da kyau, ya yi godiya, ya koma tabarmarsa.

Mijina ne ya kawo shawarar gonar inabin wani abokinsa a wajen Mairuwa. Mai gonar ya gina ɗakunan baƙi, manya kan je su yi 'yan kwanaki su huta. Da safe a zaga da su cikin rumfunan inabi, kowa ya tsinka da hannunsa. Da hantsi mota ta kwashe su, yau bakin dam, gobe kasuwa, jibi duwatsun Faskari, a dawo kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki. Wanda ƙyuya ta hana shi fita, ga dara a inuwa. Da ƙyar muka ɗauko Baba daga Ƙanƙara, shi ma da sunan zai sa wa gona albarka.

Ranar farko aka kawo masa ruwan inabi. Sai da ya tabbatar a ranar aka matse shi, bai kwana ba, sannan ya kurɓa. Da aka ce ya shiga mota a je dam, cewa ya yi, "Mi na aje can? Babba da gemunshi ya tashi ya tai kallon ruwa?" Mota ta tafi da sauran baƙi, shi kuwa ya wuni a kujera da carbi.

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye miki ba. Ina cikin jin haushin ne na tuna da kwallarki.

Ranar da muke kwashe kayan ɗakinki, mun tarar da ita a ƙarƙashin gado, cike da ludaya sababbi ful, ko ɗaya bai taɓa shiga fura ba. Mun yi ta mamaki. Sai a gonar nan na gane. Duk lokacin da Baba ya kwana biyu a gida yana ƙunci, sai ki ce ludayinki ya fashe, kuma ke ba kya shan fura da ludayin Ƙanƙara, sai na kasuwar Faskari. Ya fita yana mita, ya dawo da yamma bakinsa cike da labari. Kin sha faɗa mana cewa dattijo ba ya yawo, sai dai a aike shi.

Washegari na gwada. Na ce masa kifi nake marmari, amma in direba ya je shi kaɗai masunta cutarsa za su yi. Ya yi tsaki, ya nemi hularsa. An ce mini ya yi ciniki kamar zai sayi dam ɗin, har ya shiga kwalekwale, wai don ya ga kifin tun yana cikin koma. Rana ta uku na tura shi Daudawa ya dubo wa mijina irin masara, alhali mijina ko fartanya bai mallaka ba. A ranar takalmin ya shiga.

Rana ta huɗu kasuwar Faskari aka nufa. Ban aike shi ba, amma ya riga kowa shiga mota.

Da suka dawo, na gan shi tsaye a ƙofar ɗaki yana jujjuya ludayi sabo a hannu, kamar wanda ya manta inda za shi. Ya daɗe a haka kafin ya miƙo mini.

"Rabi, ba ki kai Innarku iya aike ba," in ji shi. "Ita in ta ce ludayi ya hwashe, har ɓata rai takai kamar da gaske. Amshi, ki sa shi inda take sa su."

Ashe ya sani, Inna. Shekara da shekaru ya san da kwallar, yana zuwa yana sayowa, bai taɓa nuna miki ba. Ko kuwa ke ma kin san ya sani? Wannan tsakaninku ne, ba zan shiga ba.

Mun dawo gida Ƙanƙara jiya, ni ma nan wajen Baba na kwana. Na sa ludayin a cikin 'yan'uwansa na rufe. Yau da safe Baba ya leƙo da hularsa a kai, ya tambaye ni ko akwai abin da ya ƙare a gidan. Na ce masa kanwa, kuma ba na son ta kusa.

Ina kewarki ƙwarai. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki 'yan ƙaryace-ƙaryacen nan, ni ma Ya yafe mini nawa, don da alama yanzu na fara. Amin.

'Yarki,
Rabi