Matakin da Ke Jiran Hannuna

Zuhra, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar Abuja ta take, ruwan randa a bakin mai azumi,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san laifinsa. Kin tuna watannin da muka yi a ofis muna ƙera yaren nan na kwamfuta, mai raba aiki tsakanin ma'aikaci da na'ura? Ni ina ta zumuɗin miƙa wa na'ura komai, ke kina taka mini birki. Ranar da muka ci gasasshen kifi a Kado kika kafa dokarki, kina nuna ni da yatsa duk yaji: akwai matakin da na'ura za ta yi, akwai wanda dole ta tsaya ta jira mutum, ko shekara zai yi. Na ce ashe alƙaliya muka ɗauka aiki. Kika harare ni, ni kuwa tun daga wannan hararar ban sake mallakar zuciyata ba.

Sai ga ni, sarkin wayo, na ɗauki gaisuwar da nake aiko miki kowace safiya na damƙa wa na'ura. Na rubuta saƙonni sittin, na ce ta riƙa sakin ɗaya ƙarfe bakwai, wai don kar aiki ya sa in manta ki. Garin neman ƙiba na samo rama. Washegarin rasuwar Babanki ina zaune kan tabarma a ƙofar gidanku, hannuwana biyu a sama ana addu'a, kina hango ni ta taga, wayarki ta yi ƙara. Saƙona ne, wai ki tashi ki yi murmushi, yau ranar farin ciki ce.

Wayyo Zuhra! Da wane baki zan ce miki kalmomin nawa ne? Nawa ne wallahi, amma ina nake lokacin da aka faɗe su? Wata biyu kina amsa wa na'ura da dukan zuciyarki. Kunya ta ishe ni, kewarki kuma ta fi kunyar ciwo.

Jiya takardarki ta neman canjin wurin aiki zuwa Jos ta shiga tsarinmu. Na'ura ta duba, ta wuce da ita, ta zo ta tsaya a matakin da ke jiran mutum. Sunana ne a wurin. Zan iya barin ta nan har ki gaji, amma ba zan tsare ki da igiyar ofis ba. Ranar Litinin zan sa hannu, sai fa in kafin nan kin aiko mini da kalma ɗaya, ko ta faɗa ce. In ba ki aiko ba, ni da kaina zan buɗe miki hanyar barina.

Naki a Abuja, naki ko kina Jos, har ranar da za a kai ni makwancina,

Manniru