Safiyar da Yaya Rumen Ya Koma Sama

Zuwa ga maigidana Tihomir,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Ya hanya, ya sanyin Jamus? Bayan naka ya daina ciwo kuwa? Mu lafiya lau, Nevena kullum sai ta tambayi yaushe motar Baba za ta dawo.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru shekaranjiya. Ka san yadda muke tada jirgin lilo da safe a filin wasanni, mai gudu a kan dogon ƙarfe. Su Yaya Rumen su bi dogon da ƙafa har ƙololuwa suna duba kusoshi da birki, kowa ya datse makunnin wuta da kwaɗonsa. Sai sun sauko sun cire, sannan in saki jirgin don gwaji, da jarkokin ruwa a kujeru maimakon mutane.

Ranar hazo ya taso daga teku, ko sama ba a gani. Na duba makunni, babu kwaɗo ko ɗaya. Na busa ƙaho, na saki. Sarƙa tana jan jirgin sama, ƙat, ƙat, ƙat, sai iska ta ɗan yaye hazon. Tihomir, jar rigar Yaya na hango a kan dogo, daidai gangara.

Na kira shi a rediyo, shiru. Na daki maɓallin tsayarwa. Da taragon gaba ya riga ya leƙa gangarar, babu abin da zai riƙe shi. Ya tsaya, saura ƙiris.

Yaya ya sauko da sifana a hannu. Wai mantawa ya yi da ita, ya koma sama da gudu bai sa kwaɗonsa ba.

"Haba ƙanwata, minti nawa ne?" in ji shi, har da dariya.

Na kwaɗa masa mari a gaban kowa.

Doka ta ce in kai rahoto. In na kai, ba zai sake hawa dogon nan ba. Me zan yi?

Matarka,
Zlatka

Maigida,

Ina fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci mai zafi. Na ji shawararka, amma ban iya yin shiru ba. Na faɗa wa shugaba. An mayar da Yaya wajen dawakan katako na yara, shi da ya yi rabin rayuwarsa a sama.

Ran Lahadi mun haɗu gidan Mama. Ta gasa banitsa, burodin nan mai cuku, Yaya ya ci nasa a tsaye, ko kallona bai yi ba. Da ya fita ta ce, "Zlatka, ɗan'uwanki ne fa."

Na ce, "Mama, ni na danna maɓallin. Da jirgin bai tsaya ba, gawarsa zan kawo miki."

Sai ta zauna.

Har yau ba ya amsa gaisuwata. Kullum da safe in na saki jirgin, ina hango shi can ƙasa yana goge dawakansa, ya juya mini baya. Ya juya ɗin. Ina dai ganinsa da ransa.

Ka tuƙa a hankali, ka dawo mana.

Taka har kullum,
Zlatka