Sabon Maigidan Inna

Makera, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Safiya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai dai ƙafar Inna da ke ɗan taɓa ta.

Yaya, ƙara na kawo miki. Kin san wannan zangon karatun darasin tatsuniyoyi muka yi a jami'a. Mun feɗe na Turawa, mun feɗe namu, daga ƙarshe malam ya ce kowa ya je ya naɗo guda daga bakin tsoho. Wani ɗan ajinmu, Sylvanus, ɗan Sabon Tasha, ya ce kakanninsa duk sun rasu. Tausayi ya kama ni, na ce ya zo mu raba kakata. Ni da bakina, Yaya!

Da magariba ta wuce Inna ta fara. Ni ina riƙe da waya, ina lura kada ƙarar janareta ta ɓata mana aiki. Shi kuwa ya tanƙwashe ƙafa a tabarma. Duk inda ta kai waƙa sai ya amsa mata, har da tafi, da Hausarsa ta 'yan Sabo. Inna ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

An gama darasi, an yi jarrabawa, amma bawan Allahn nan bai daina zuwa ba. Duk Asabar yana tafe da goronsa. Tun ina rarrafe Inna ke tsokanata da "maigida", kin sani. To, yanzu sunan ya koma kansa. Ƙanzon tuwon da take ajiye mini ma shi ke cinyewa. Wallahi kishi nake ji, ba kuma ƙarami ba. Kada ki yi mini dariya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Yahaya

Makera, Kaduna.

Yaya Safiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin 'yarki Ummi? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga amsarki, kuma na ce kada ki yi dariya.

Sakamako ya fito, na fi Sylvanus maki nesa ba kusa ba. Na kai wa Inna labari, ta sa mini albarka, sannan ta tambaya ko maigidanta ya ci abinci kuwa.

Shawararki na bi. Na ajiye waya a ɗaki, na zauna a gabanta, na ce ni kaɗai za ta yi wa tatsuniyar nan da muka naɗa, ta yarinya da dodon rijiya. Ta ji daɗi, na gani a fuskarta. Ta ɗauko tiryan-tiryan, har inda yarinyar ke rera waƙa a bakin rijiya. Nan ta tsaya tana kallona, tana jiran amshi. Na buɗe baki, babu komai. Shafi goma na rubuta a kan waƙar nan, amma ban taɓa rera ta ba. Ta jira, ta jira, sannan ta gyara mayafi ta ce a bari sai Asabar.

Yaya, ke kin girma a cinyarta. In kina tune da amshin, don Allah ki rera mini a waya kafin Juma'a. In ba haka ba dole in hau keke zuwa Sabon Tasha, in roƙi Sylvanus ya koya mini waƙar kakata.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai jiran kiranki,
Yahaya