Ni Ina Son Aure, Ita Ta Ce Keji Ne

Mama Nomhle, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat. Ni mace ce a Soweto, tela. Mun daɗe muna zaune gida ɗaya da Zoleka, har furfura ta fara fito mana. Da ita aka yi ta zanga-zanga har doka ta yarda irinmu su yi aure, amma da na ce to mu yi, sai ta yi dariya. Wai ta yi faɗan ne don a buɗe ƙofa, ba don ta shiga ba. Wai aure keji ne, ta ga yadda ya cinye mahaifiyarta saboda shanun sadaki.

Ban ƙi maganarta ba. Amma Mama, kayan amare nawa na ɗinka da hannun nan? A bikin ƙanenta ni na tuƙa tuwon masara, na wanke tukwane, gwaggonta na nuna ni tana cewa ƙawar Zoleka ce kawai. Bara da aka kwantar da ita asibiti, yayyenta likita ya kira, ni ina kan benci. 'Yan cocinmu sun ce zunubi nake nema, ƙawayenta sun ce kwaikwayon auren mace da namiji nake. Ni dai so nake a yafa mini bargon amarya sau ɗaya, yadda dangin aure ke yi a al'adarmu, a kira ni suruka. Na yi wauta ne?

Mai Jira, Soweto

'Yata, ba ki yi wauta ba. Ita ma ba taurin kai take yi ba. Wadda ta tashi tana jin kukan uwarta ba za ta ji kiɗan biki yadda kike jin sa ba.

Abu biyu kika haɗa, ki raba su. Maganar asibiti da gida, ku je wurin lauya cikin watan nan, ko da aure ko babu. Ɗayan kuwa, na lura hujja kike kawo mata, ita kuma gwanar gardama ce, kullum za ta kayar da ke. Ki daina. Ki gaya mata inda ke miki ciwo, sannan ki tambaye ta abin da take tsoro, ki saurara har ta gama.

Tana iya cewa a'a, kuma ko ta yarda, takarda ba za ta sauya zuciyar danginta ba. Amma kada ki ƙara haɗiye wannan magana don a zauna lafiya. Allah ya sanyaya miki, ya bar ku da alheri.

Mama Nomhle