Takardar Ajiye Aikin da Ban Miƙa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma har yau in abu ya same ni, ke nake fara kai wa labari.

Inna, bara aka yi mini canjin wurin aiki. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa a Gumel, sai ga takarda an mayar da ni wata firamare a ƙauye, can bayan Sule Tankarkar. Kin san 'yarki da cika baki. Na ce wa kowa ai ba komai, alli ɗaya ne a ko'ina.

Ban yi wata guda ba na koma wata daban. Kullum da na shiga motar ƙauyen a tasha sai in ji kamar in sauka in koma gida. In na tsaya gaban allo, darasin da na koyar sau ɗari sai ya ɓace mini. Tuwo ya daina shiga. Wata Talata na yi kuka a bayan aji don kawai alli ya karye a hannuna, ni da ko ranar jana'izarki sai da na sallami baƙi sannan hawaye ya zo.

Kowa ya kawo tasa. Maigidana ya ce gajiyar hanya ce, in huta. Ƙanwarki Gwaggo Asabe ta aiko da turare daga Maigatari, wai baki ne ya kama ni. Ni kuwa duk wanda ya ce mini ina gajiya, sai in ce ba gajiya, kamar yadda aka saba. A ɓoye na rubuta takardar ajiye aiki, na ninke na sa a jaka, da niyyar miƙa ta ranar da aka dawo daga hutu.

Hutun ya zo, na kwanta na tashi har mako biyu, abin bai motsa ba. A nan ne na tuna gonarki ta zoɓo a Gagarawa. Ina yarinya na taɓa rugowa da rana tsaka ina cewa shukar duk ta mutu. Kika yi mini dariya kika ce, "Yaushin rana ne, kowane ganye yana yi. Ki koma bayan la'asar, wanda bai miƙe ba shi za mu tona mu duba." Inna, la'asar tawa ta yi ta wuce, ban miƙe ba.

Sai na tafi asibiti, sashen masu kula da damuwa, na ja hijabi har gira don kada wata ta gane ni a ce Malama Zuwaira ta taɓu. Matar da ta gan ni ba ta yi gaggawa ba. Ta tambayi yaushe abin ya fara, na ce makonni kaɗan bayan canjin. Ta tambayi ko hutu yana sauke shi, ko yana hana ni aikina. Sannan ta fahimtar da ni cewa damuwar yau da kullum tana matsa mutum amma tana barinsa ya yi aiki, in ya huta ta sake shi. Tawa kuwa ta biyo bayan wani sauyi, ta fi sauyin nauyi, ta kuma tsayar mini da rayuwa. Ta ce larurar kasa sabawa da sauyi ce, sananniya ce a wurinsu, ana warkewa. Ba raunin imani ba ne, Inna. Da na ji haka sai da na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Ko allura ba ta yi mini ba. Zama muke yi muna magana duk bayan mako biyu, ta ba ni ƙananan ayyuka. Na daina cin abinci ni kaɗai a aji, na koma gindin darbejiya wurin sauran malamai. Na haddace sunayen ɗalibaina biyar biyar. Mafi wuya shi ne ranar da maigida ya tambayi gajiya, na dube shi na ce akwai, kuma ta wuce gajiya. Tun daga ranar shi yake raka ni tasha.

Yau shekarar karatu ta ƙare, kuma ina nan daram. Ajina ne ya fi kowane aji iya karatu, har shugaban makaranta yana yi mini tsiya wai ashe mutanen Gumel suna jure ƙauye. Har yanzu nakan gaji, musamman lokacin duba jarrabawa, amma irin gajiyar da barci ke wankewa ce. Yanzu na san bambancinsu, kuma ina alfahari da kaina ba kunya.

Takardar nan kuwa ɗazu na ci karo da ita a ƙasan jaka, ta yi laushi. Ni da ɗalibaina mun yi lambu a bayan ajin da na yi kuka, ina neman abin ƙunshe iri. Da ita na ƙunshe irin zoɓon da za mu shuka da damina.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a gidan da babu sauran canjin wuri. Duk wadda la'asar ɗinta ta wuce ba ta miƙe ba, Allah Ya ba ta ƙarfin halin neman taimako.

Taki har kullum,
Zuwaira