Kejin Bakin Taga

Litinin, 3 ga Maris

Da safe na tarar da zomon ajinmu kwance a kejinsa yana haki. Ɗalibaina 'yan aji biyu suka yi cirko-cirko. Na naɗe shi a mayafina na ruga wurin likitan dabbobin da ke bayan makaranta. Dattijo ne, hannunsa bai san gaggawa ba. Ya yi masa allura, ya jiƙa masa kunnuwa da ruwa mai sanyi, sannan ya tambayi inda kejin ya yini Asabar da Lahadi. Na ce bakin taga. Ya dube ni ta saman tabarau.

Duk Juma'a ni ke janye kejin zuwa bayan aji, don rana na dukan tagar nan yini guda. Wannan karon na manta. Sauri nake kada mota ta wuce ni, iyakar hujjata ke nan.

Talata, 4 ga Maris

Zomon ya mutu.

Laraba, 5 ga Maris

Likita da kansa ya zo ajin, ba wanda ya kira shi. Ya zauna kan kujerar yara, gwiwoyinsa har kusa da haɓarsa, ya bar su suka saurari bugun zuciyarsu da abin awonsa. Kafin a tashi duk ajin sun zama likitocin dabbobi, har mai tsoron kaza. Yarinyar da suke kira Mai Giɓi ce kawai ba ta ɗago kai ba. Ita ke da aikin zuba wa zomon ruwa ranar Juma'a.

Juma'a, 7 ga Maris

Sun rubuta masa wasiƙun godiya. Wani ya zana shi da kunnuwan zomo, na yi dariya. Sai na kai kan ta Mai Giɓi: “Likita na gode da ka gwada. Ni na kashe shi, ban cika kofin ruwan sosai ba. Kada ka faɗa wa Malama.”

Na zare ta na cusa a jakata. Me zan ce wa yara talatin masu ganin ban iya kuskure ba?

Litinin, 10 ga Maris

Maman Mai Giɓi ta tare ni a bakin ƙofa. Wai yarinyar ba ta cin abinci, kuma sau biyar a yini take cika wa kyanwarsu kwanon ruwa har ya zube. Na ce yarinta ce, zai wuce. Kunyar kaina ta ishe ni.

Laraba, 12 ga Maris

Na kai wasiƙun. Ya manna su a bango ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya tambayi ta yarinyar nan da ba ta ɗago kai ba. Na ciro na miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya maido mini.

“Malama, wannan ciwon ba ni ke da maganinsa ba. Yana bakinki.”

Alhamis, 13 ga Maris

Na faɗa musu, gaban kowa. Taga, rana, mota, duka. Na ce ko da an cika kofi goma ba zai tsira ba.

Mai Giɓi ta daɗe tana kallona. Da aka fita tara ta dawo, ta raba burodinta biyu, ta ajiye mini rabi kan tebur. Ta cinye nata a tsaye a gabana.

Ban ce zan karɓi wani zomo ba. Kejin dai na wanke, na ajiye shi a bayan aji.